Ƙwallayen Dabino Goma Sha Ɗaya na Malam Abdulmuttalib

Ranar Talata, 14 ga Zulhajji 1446, daidai da 10 ga Yuni 2025, ina kan keken ɗinki a shagona na Ajingi, 'yarka Naja'atu ta kira ni daga Gaya ta ce, "Baba Hafizu, Malam ya cika." Na tambaye ta wane Malam, alhali Malam ɗaya gare mu. Mu na Allah ne, kuma gare Shi dukkanmu muka nufa. Kwana uku kacal kafin nan muna zaune a zaurenka muna cin soyayyen naman layya, kana yi mini tsiya wai ni tsufa ya fara kamawa kafin kai. Har yanzu, Malam Abdulmuttalib, kaina bai gama ɗaukar wannan labari ba.

Mutanen Gaya da alli suka san ka, don shekara talatin da biyu ka yi kana koyarwa a firamare. Mu kuwa da dara muka san ka. Kowa a ƙasa yake haƙa ramukansa, amma kai ka sa kafinta ya sassaƙa maka allo mai rami talatin. Gefe ɗaya yana wasa da 'ya'yan tsamiya goma sha biyu, ɗaya gefen da ƙwallayen dabino goma sha biyu waɗanda ka rina da lalle, hannu ya goge su har suna sheƙi. Ba ka yarda a sa ko ƙwayar goro a kan wasa. Idan ka ci mutum, sai ka maido 'ya'yan ka nuna masa inda ya yi sake, kuma wallahi wannan ya fi cin ciwo.

Washegarin kowace Babbar Sallah taka ce. 'Ya'ya da jikoki da surukai su cika gida, mu abokai mu cika zaure. Bayan azahar ka karanta mana shafi huɗu ko biyar daga littafin da ka zaɓa, ka tsaya daidai inda labari ya yi daɗi, ka ce wanda ya matsu ya ara. Ta haka ka sa ni, tela da ya tsaya a aji huɗu, na karance littattafai sun fi ashirin. Daga nan sai rabon kyauta, kowa da ƙunshinsa a tsohuwar jarida, da sunansa a rubuce da hannunka. Sannan a fito da allo.

Bana idonka ya yi rauni, amma ka hana kowa taya ka ƙunshi. Da aka kwance, sai ga yayarka Inna Hanne, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, riƙe da littafin lissafi. Surukinka Mudassir kuma ya samu mayafi. Aka yi ta dariya, har da kai. Allo bai fito ba, ka ce ka gaji. Ni ban kwance nawa ba sai da na koma Ajingi. Na tarar da 'yar jakar fata, a cikinta ƙwallayen dabinonka. Na ƙirga, goma sha ɗaya. Na sake ƙirgawa sau uku, ba su ƙaru ba.

A nan ne kaina ya ɗaure, kuma dole in faɗi dalili.

Shekara bakwai da suka wuce, a irin wannan rana, ina wasa da Bubayero, manomin nan na Balan, abokinmu tun muna samari. Ni nake da dabino. Aka kira la'asar muka tashi, da muka dawo na ga ƙwallon dabinona ɗaya babu. Bubayero ne ya riga kowa komawa zaure. A gaban surukanka da baƙinka na ce masa, "Wanda zai saci ƙwallon dabino, me zai bari?" Ya ɗauki sandarsa ya sa takalmi ya fita, kuma bai sake zuwa taron Sallah ba. Da na isa gida na tuɓe sabuwar babbar rigata, wadda ni na ɗinka ta da hannuna, sai ƙwallon ya faɗo daga naɗin hannunta. Lokacin da na miƙe ne rigar ta share shi. Na ce gobe zan tafi Balan. Goben ta zama mako, makon ya zama shekara, kunya tana ƙara nauyi. Na jefa ƙwallon a aljihun keken ɗinki, na kawo maka maɓallin riga muka cike gurbinsa. Ka karɓa, ka juya shi a tafin hannunka, ka ce, "Tela ba ya rasa abin cike gurbi." Ba ka ƙara ko kalma ɗaya ba, a ranar ko bayanta.

Maɓallin nan ba ya cikin jakar da ka ba ni.

Ranar sadakar uku na ga Bubayero a ƙofar gidanka. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Muka yi musabaha irin wadda muka saba a shekarun nan, hannu ya taɓa hannu, ido yana wani wuri. Da na shiga yi wa maiɗakinka Hure gaisuwa, na tambayi Naja'atu ko wani abu ya faɗi a inda ka yi ƙunshi. Ta ce ta share ɗakin ba ta ga komai ba. Sannan ta ce, "Ai Baba Bubayero ma ya yi irin tambayar nan. Malam ya aika masa da 'ya'yan tsamiya, ya rasa me zai yi da su babu allo." Allon kuwa yana jingine a zaure, Hure ta ce ba ka bar wasiyya a kansa ba.

To Malam, me kake nufi? Ka ga lokacin da rigata ta share ƙwallon ne, ka yi shiru shekara bakwai kana jiran in faɗa da bakina? Idan haka ne, ta yaya ka iya zama da ni kana dariya, kana zuba mini nama? Ko kuwa ido ne kawai, irin wanda ya ba Mudassir mayafi, maɓalli ya gangara wani lungu, ni kuma zuciyata take karanta abin da ba ka rubuta ba? Na so in tambaye ka. Na ce bari gajiyar Sallah ta sake ka tukuna, in zo ranar Laraba. Wannan jinkiri nawa dai, shi ne bai taɓa barina ba.

Ba zan san amsar ba, kuma na gaji da juya ta. Abin da na sani, ba a yin dara da goma sha ɗaya. Bubayero, na san Naja'atu za ta karanta maka wannan, kuma ina so ta karanta a gaban mutane kamar yadda na ci mutuncinka a gaban mutane. Ba ka ɗauki komai ba. Hannun rigata ne, kuma tun yammacin ranar na sani. Ƙwallon na goma sha biyu yana aljihuna yanzu haka, gobe in Allah ya kai mu zan hau motar Balan. In ka yafe, na gode. In ka ƙi, ba ka zalunce ni ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam Abdulmuttalib, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini, ko da saninka ko babu. Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane harafi da ka koyar ya tsaya maka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hure, da Inna Hanne, da Naja'atu da 'yan'uwanta, da duk wanda ya taɓa zama a zauren nan. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa kada mu tafi da haƙƙin kowa a wuyanmu. Amin.