Ranar da Inna Asabe ta gasa mana 'yan kunne

Ku sababbin malamai kullum kuna tambayata me ya sa nake fara koyar da yumɓun roba daga yadda ake gasa shi, alhali ɗaliba ba ta ko taɓa yumɓun ba. To ku gyara zama. Akwai wata Alhamis da har gobe ba ta fita daga raina ba, a watana na uku da kama aiki a wannan cibiya ta koya wa mata sana'a a unguwar Paris-Congo.

Lokacin ba a ɗauke ni dindindin ba. Madam, shugabar cibiyar, ta ba ni gwajin wata uku da ɗalibai goma sha biyu da wannan ɗakin da muke zaune. Sharaɗinta ɗaya ne: ranar Asabar ta ƙarshe za a baje kayan da ɗalibaina suka yi da hannunsu. In sun yi kyau ajin ya zauna, in ba su yi ba a mayar da kekunan ɗinki ɗakin, ni kuma in koma gidanmu. Madam ba ta maimaita magana, kun dai san ta.

Ga wanda bai san yumɓun roba ba, abu ne mai laushi kamar kwaɓaɓɓen fulawa, yana zuwa kala-kala a ƙunshe. Sai ka wanke hannu tas, ka murza shi har ya saki, ka fara da fari kafin mai duhu don kada ya ɓaci. Ka shimfiɗe shi da kwalba, ka yanka siffar da kake so, ka huda da allura tun yana ɗanye. Ba ya bushewa a iska, sai an gasa shi wajen rabin awa a wuta mai sanyi, kamar digiri ɗari da talatin. Duk wannan na koya musu, ban da na ƙarshen. Gashi na riƙe wa kaina. Da an tashi aji sai in kwashe kayan in sa a ƙaramin fur ɗinmu, wato tanderun lantarki, washegari in fito da su ana ta yaba Malama Rabi. Wallahi daɗin yabon nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

A cikin ɗalibaina akwai Inna Asabe daga unguwar Farcha, matar wani mahauci, a shekaru ta haife ni ta haifi yayata. Kakanninta sun taso a ƙafa za su Makka, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. Ginin tukwane suka gada, ita ma ta yi shekara arba'in tana yi kafin roba da dalma su kashe kasuwar. Hannunta kuwa ba a magana. Ƙwallon da wasu ke fama da shi minti goma, ita murza biyu ta gama, tana yi tana tsokanar 'yan matan cewa yatsunsu waya kawai suka iya latsawa.

Ranar Litinin ta makon baje koli muka gama komai: 'yan kunne, sarƙoƙi, maƙalan makulli, faranti uku cike. Sai wuta ta ɗauke. Talata babu, Laraba babu. Da azahar ɗin Laraba na rufe farantan da ƙyalle, na hau klando, wato babur ɗin haya, zuwa unguwar Milezi wajen wata ƙawata da aka ce tana da fur mai gas. Na tarar ta yi tafiya. Na dawo bayan la'asar, an riga an tashi, ban ko leƙa ɗakin ba na wuce gida da ciwon kai.

Alhamis da safe na shigo, babu faranti ko ɗaya. Ina cikin dube-dube sai ga Inna Asabe da kwano a rufe, tana tafiya kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ta ajiye a gabana ta buɗe. Jama'a, baƙi ƙirin! Duk sun kumbura sun manne da juna kamar ƙanzo, ga wani wari mai hawa kai. Ashe tausayina ta ji. Ta ga ina ta zirga-zirga a kan abin da ita ta gada, sai ta kwashe kayan ta kai gida, ta jera su a rami, ta rufe da kashin shanu da kara ta cinna wuta, yadda uwarta ta koya mata.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma bakina ba shi da linzami. Na ce wa ya aike ta, na ce ta ƙona aikin wata uku, ta ƙona min abinci. A gaban 'yan matan na faɗa, abin da har yau nake jin kunyarsa. Da na gama sai Inna Asabe ta dube ni.

"Malama, ƙaramar wuta na yi, wallahi ko kaskon turare ba za ta gasa ba," in ji ta. "Ke kika ce yumɓu ne. Kin taɓa gaya mana yana tsoron wuta?"

Ban taɓa gaya musu ba. Wata ɗaliba ta ɗaga wani dunƙule ta ce ga ɗan kunnenta ya auri maƙalin makullin ƙawarta, sai ajin ya fashe da dariya, har da ni, ina yi ina share hawaye.

Dariya dai ba ta kai mu Asabar. Sabon yumɓu sai an yi oda daga waje, ya yi makonni a hanya. Abin da ya rage mana guntattakin da muke tarawa a gwangwani, ja da shuɗi da rawaya duk a cakuɗe. Na ce a juye su a tebur. Muka murza su dogo-dogo, muka murɗa, muka naɗe, muka yanka, sai ga zane-zane sun fito kamar na atamfa. Kafin azahar mun cika faranti guda da rabi. Saura gashi, wuta kuwa shiru.

Inna ta tambaye ni zafin da ake so. Na ce ɗari da talatin. Ta ce lamba ba ta gaya mata komai, in kwatanta mata da girki. Na ce ya ɗara tafasar ruwa kaɗan, amma bai kai na gasa kek ba. Ta ce to shi ke nan, gobe in zo da ma'aunina ita ta zo da nata.

Juma'a da sassafe ta iso da tsohuwar tukunyar ƙasa, ginin hannunta, da yashi da gawayi. Ta zuba yashin a gindin tukunya, ta ɗora ɓallin tayil a kai, ta aza bisa garwashi 'yan kaɗan ta rufe. Na zura ma'aunin zafi ta gefen murfi. Ita kuwa tafin hannu take karawa a jikin tukunyar, ta cire garwashi ɗaya ko ta ƙara. Na ce wannan karon ƙwallo ɗaya za mu gwada, ba aikin mutane duka ba. Na farko ya fito, na matsa shi ya ruguje, bai gasu ba. Ta harare ni ta ce ni ce nake ta buɗe murfi kamar mai jiran baƙi. Na biyu ya fito garau, na jefa a siminti ya yi tsalle. Guɗa ta tashi har masu ɗinki suka leƙo. Haka muka yi ta gasawa kashi-kashi, ban da lokacin salla, kowace ɗaliba sai da ta zauna gaban tukunyar ta ji zafin da hannunta. Na kuma gargaɗe su kada a sake girki a tukunyar.

Ranar Asabar Madam ta zagaya tebur tana ɗaga kaya ɗaya-ɗaya. Ta ce sun yi kyau amma sun yi kaɗan, kuma yaya aka gasa su babu wuta? Na ce Madam, laifina ne, na zayyana mata komai. Ta ce a kawo kwanon. Ta leƙa, ta toshe hanci, kafaɗunta suka fara rawa. Da ta nutsu ta ce ajin ya zauna, domin ɗaliban da za su iya gasa kayansu a gida da gawayi sun fi mata masu jiran fur ɗin cibiya.

Da mutane suka watse na je na durƙusa gaban Inna Asabe na roƙe ta gafara.

"Tashi, 'yata, na yafe," ta ce. "Amma in za ki koya wa mutum tuwo, ki fara kai shi murhu."

Matan da ke zuwa mana ba hannu sake suke zuwa ba. Kowace da abin da ta iya tun daga gida, kuma duk gurbin da kika bari a darasi, da wannan za ta cike shi, da zuciya ɗaya. Ni na ɓoye mataki guda don a riƙa yabona, ya kusa cinye min aiki, ya kuma sa na ci fuskar dattijuwar da taimakona ta zo yi. Don haka gobe in sababbin ɗalibai sun zo, ku bar yumɓun a kabad. Ku fito da gawayi tukuna.