Sandar da Kaltume Ta Saro

Kaltume matar Tasi'u ce, wani manomi a ƙauyen da ke bayan Zakirai. Doguwar mace ce mai ƙarfin hannu, maƙwabta da ƙarar taɓaryarta suke sanin gari ya waye. A shekarar da fari ya ƙone dawa a tsaye, har mutane suka koma cin dusa da tafasa, Tasi'u ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya. Aka kawo shi gida baki a karkace, ɓarin damansa ya shanye.

Ita ta yi jinyarsa. Kullum da safe ta dafa ruwa ta gasa masa ƙafa, ta murza da man shanu, ta miƙe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana zaginta da rabin harshe. Ta saro reshen aduwa ta kankare masa sanda. Da ya fara iya zama, mazan unguwa suka ce namiji ba ya sallah a ɗaki. Sau biyar a yini take kai shi zaure, mutum biyu su tallabe shi zuwa masallaci, taku arba'in ne cif.

"Ɗaga ƙafar mana, Tasi'u!" in ji abokinsa Basiru. "Ko lalle ka ƙunsa?"

Kafin wata daminar, da kansa yake zuwa, yana dogara sanda.

Bayan shekara uku, tana cikin daka, taɓarya ta suɓuce mata. Ciwon nan ne dai, ɓarin ma na dama. A rana ta uku yayar Tasi'u, Larai, ta zo dubiya, ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Mace ai a gidansu take jinya. Wa zai wanke ta a nan? Kai?"

Tasi'u ya sunkuyar da kai. Aka ɗora Kaltume a amalanke zuwa gidan wanta Khalilu, aka kwantar da ita a ɗakin da ke bayan rumbu. Matan gidan kuwa tun safe suke fita surfe gidajen masu hali, don a samu na sawa a baka. Sai su ajiye mata koko su ja asabari.

Abin da ya fi ci mata rai, ta san maganin, da hannunta ta yi shi. Ta dinga roƙon matar wanta, "Zulaihatu, tashe ni. In taka."

"Ki taka ki je ina, Kaltume? Masallaci za ki? Ki yi sallarki a kwance, Allah ya san halin da kike ciki."

Sau ɗaya Tasi'u ya zo, wata Juma'a, da ƙafarsa tun daga garinsu. Ya tsaya a bakin ƙofa saboda wari.

"Ya jikin?"

Ba ta dubi fuskarsa ba, hannunsa ta duba. "Malam, bar mini sandar nan."

"To ni da me zan koma?" Ya yi mata fatan sauƙi ya juya.

Washegari da gida ya watse, ta dafa bango da hannun hagu ta miƙe. Taku biyu ta yi, ta kifa a kan ƙwaryar koko, tana nan har la'asar. Don kada ta sake, sai aka ɗauke gadon da take kwance a kai aka shimfiɗa mata tabarma a ƙasa. Daga nan ba ta ƙara tsayuwa ba. Bayanta ya yi gyambo, ta rasu kafin a yanke gero.

A wajen zaman makoki Basiru ya dafa kafaɗar Tasi'u ya ce, "Ciwo ɗaya ya kama ku, amma ka ga ƙashin namiji daban ne."

Tasi'u ya ƙara shekara goma sha tara a duniya. Sandar tana nan a zaurensa, da ita ake korar awaki.