Tsuntsayen Tagar Malam Wa-Ya-Faɗa

Ranar Laraba, tara ga watan Safar, da hantsi, Allah Ya karɓi ran wanda ya koyar da mu tarihin addinai a kwaleji, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Malam Wa-Ya-Faɗa. Na Allah ne mu, kuma gare Shi makoma take. Malam, labarin ya iso gare ni ta bakin 'yarka ta fari, ita kuwa tana riƙe da hannunka lokacin da rai ya yi halinsa. Na fara da wannan ne, Malam, don na san ko labarin rasuwarka ba za ka karɓa ba sai da isnadi, wato jerin waɗanda zance ya biyo ta bakinsu.

Haka ka raine mu. Ɗalibi ya miƙe ya ce waliyyi wane ya yi tafiya a kan ruwa, sai ka zare tabarau ka ce, "Madalla. Wa ya faɗa maka? Shi kuma wa ya faɗa masa?" Ba ka taɓa musun karama ba. Cewa kake Allah ba Ya gazawa, masu ba da labari ne ba su da birki. Wani ya tambaye ka ma'anar fana'i, wato narkewar bawa cikin ambaton Ubangijinsa. Ka yi bayani har aka kaɗa ƙararrawa, sannan ka ce, "Waɗanda na ga sun kai wannan matsayi a ajin nan, barci suke."

Ni ka ba ni mabuɗin ɗakin karatunka lokacin da gidanmu ba inda mutum zai buɗe littafi. Faston layinku kuma duk Asabar yana wurinka, kuna jayayya kan sarakunan Bani Isra'ila, wa ya gaji wa, har shayi ya huce. Da ya kwanta asibiti kai ne mai kai masa abinci, kana zaune a bakin gado kana gyara masa lissafin zamanin Annabi Irmiya.

Da ciwo ya tsananta ka kira ni ka ce, "Na ga abin da ake yi wa malamai in sun mutu. Kafin kabari ya bushe an dasa musu fukafukai. Yi mini alkawari ba za ka bari a yi mini ƙarya ba, ko mai daɗi ce." Na ɗauka.

Ba a tashi daga zaman makoki ba sai ga labari: wai tsuntsaye sun taru a tagar ɗakinka suna jimaminka. Na bi isnadin yadda ka koya mini. Wani direba ya ji daga mai shago, mai shago ya ji daga mai aski, mai aski bai ga komai ba amma ya ce abin ya dace da kai. Kafin zancen ya zagayo, tsuntsayen sun zama farare tas, irin da ba a taɓa gani ba. Ni kuwa na san su, na sha ganinka kana marmasa musu burodi da safe.

Abin da ya ɗaure ni shi ne mai ɗakinka, Inna. An ce mini tun rasuwarka ba ta yi murmushi ba sai da ta ji wannan labari. In na cika alkawari na ƙwace mata shi, in na yi shiru na ci amanarka. Fasto ya ja ni gefe ya ce, "Annabi Iliya dai hankaki suka ciyar da shi. Ka bar wa abokina 'yan tsuntsayensa mana." Na ce alkawari ne.

Na je wurin Inna, na durƙusa na gaishe ta, na fara kame-kame. Ta katse ni: "Ɗan nan, ni za ka gaya wa? Burodin karin kumallona yake gutsura musu tun ina amarya, yana tsammanin ban sani ba. Je ka faɗa wa mutane. Ba farare ba ne ma, kuma sun sha ɓata mini shanya." Sannan ta ce, "Amma tun ranar ban zuba musu komai ba, na kasa buɗe tagar. Kuma kullum sai sun zo. Wannan ni na gani."

To Malam, ga alkawarinka na sauke. Jama'a su sani: ba fararen tsuntsaye, burodi ne, kuma na Inna ne. Maganarta ta ƙarshe kuwa na rubuta yadda na ji ta. Mai ruwayar ɗaya ce, ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Na san za ka ce sabo ne ke kawo su. Haka ne. Ni da Fasto ma shi ya kawo mu ƙofarka ranar Asabar, muka tarar Inna ta buɗe tagar tana marmasa burodi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa tambayar da za a yi maka ta fi wadda ka riƙa yi mana sauƙi. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da 'ya'ya da jikoki, da Fasto, da ɗalibanka duk inda suke. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.