Aljihun da Ke Cikin Rigar Sakinatu

Shekara goma sha biyar ina yi wa Sakinatu ɗinki, ban taɓa ɗora tef a jikinta ba. Ni Larai, duk matan unguwarmu a Haɗejia na san awonsu a ka, har wadda ke shanye ciki tana ƙaryar rama na san ta. Sakinatu kaɗai ta gagare ni.

Daga Auyo take zuwa. Da damina, idan ruwa ya shanye hanya, sai ta shigo kwalekwale har bakin titi, ta hau babur. Tana shigowa ɗaki ya ɗauki ƙamshin hayaƙin banda, don sana'arta ke nan, kifi, kamar uwarta. Sai ta ajiye atamfa, ta ajiye wata tsohuwar riga a kai.

"Yaya Larai, kamar wannan."

Ran farko da na juya rigar na ga wani ɗan aljihu ta ciki, a ƙirjin dama, an cusa masa audugar rimi. Na gane cikon nono ne. Na dube ta, ta dubi ƙasa. Na ɗinka aljihun yadda na gan shi, haka muka yi ta yi.

Sai da muka shekara bakwai ta faɗa min. Tana da shekara biyar ta faɗa kan wutar banda. Ƙunar ta warke, amma tabon ya ɗaure fatar tamau, da ta girma nonon hagu ya fito, na dama ya tsaya a ƙarƙashin tabo bai tasa ba. 'Ya'yanta uku da ɗaya ta shayar da su. Mijinta Badaru, manomin shinkafa, bai taɓa ce mata uffan ba, ita ce dai ba ta yarda da kanta ba. Ko wanka ta shiga, sama take kallo.

Tana da wani irin zama idan tana jiran ɗinki. Idonta na kan ƙofa, hankalinta yana can fadama. Ta ce min wani lokaci a cikin kwalekwale, idan ruwa ya kwanta shamal har ba ka gane inda ya rabu da sama, sai ta hangi wata mata tsaye a tsakiyar shinkafa, kafaɗunta daidai, balbelu suna sauka kusa da ita ba ta ko motsi. Ta ce fuskarta ce, ita Sakinatu, matar take ɗauke da ita. Na ce, "Ke dai rana ce ta buge ki." Na yi dariya, amma wallahi tausayinta ya kama ni.

Bara wata ma'aikaciyar jinya mai sayen kifi a wurinta ta ce ai ana gyara irin wannan a Kano. Sakinatu ta yi wata huɗu tana juya maganar, tana tsoron a ce ta raina halittar Allah. Badaru ne ya ce, "Wuta ce ta yi miki, ba haka aka haife ki ba. Tashi mu je." Sau biyu aka yi mata tiyata. Suka saki tabon, suka cike wurin da naman jikinta, suka ɗan rage ɗayan.

Bayan girbi sai ga ta, atamfa kawai a hannu, babu tsohuwar riga. Ta cire mayafi, ta ɗaga hannuwa. Na ɗora mata tef, karo na farko. Nonuwan ba su zama sak ba, tabo yana nan, amma wace mace ce sak? Na auna, na rubuta.

Sai ga abin kunya. Ranar karɓa ta juya rigar, ga aljihun nan zaune a ƙirjin dama. Hannuna ne ya ɗinka shi ban sani ba, don ya riga ya saba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Ƙanwata, ki yafe ni, tsufa ne."

Ta daɗe tana kallonsa, ta zura yatsa ciki, babu komai. Sannan ta ce, "Ba ni reza, Yaya." Da kanta ta farke shi, zare bayan zare, ta miƙo min in gyara bakin.

Na hau keken ɗinki. Ɗakin cike da masu karɓar anko, ana ta hayaniya, iska tana shigowa da ƙamshin ɗanyar shinkafa. Da na waiga, Sakinatu ta jingina da bango a kan tabarma, barci ya kwashe ta, baki a buɗe, mayafi ya zame har cinya. A lokacin na lura, duk zaman jiran da ta yi a ɗakin nan, ko gyangyaɗi ban taɓa ganin ta yi ba, kullum a tsare take da kanta kada audugar ta goce.

Wata mata ta miƙa hannu za ta rufe ta.

"Bar ta," na ce a hankali.

Na ɗauke ƙafata daga kan keke, na zare allura na ƙarasa da hannu.