Baƙuwar da ta ƙi shan ruwanmu

Jama'a, ku ji ikon Allah! Yau ɗiyata Saratu ta yi tafinta da Japananci!

Kun san rijiyoyin unguwarmu sun ƙafe, ruwan sama kuma shiru. Da hantsi masu duba wurin haƙa burtsatse sunka zo nan garinmu Isa, tare da wata 'yar Japan. Ta shigo gidanmu gaisuwa. Inna, uwar maigidana, ta ɗebo mata ruwa a randa da hannunta. Matar ta girgiza kai. Inna ta sake miƙawa, ta sake ƙi!

Ran Inna ya ɓaci. Ta ce, "Ƙyamarmu take yi? To ta ba mu wuri."

Sai Saratu, wadda kullum nike yi ma faɗa kan kallon katun ɗin Japan a waya, ta durƙusa ta yi ma matar magana da yarensu. Wallahi matar har da dafe ƙirji! Sunka yi ta yi, da baki da hannu.

Inna ta ce, "Ke, mi ta ce?"

"Inna, wai ta ga mata a hanya da jarkoki babu komi ciki. Kunya take ji ta shanye muna ɗan abin da ya rage."

Idon Inna ya ciko. Ta ce, "Gaya mata, gidan ga ko kwano guda ya rage, na baƙo ne."

Saratu ta gaya mata. Matar ta karɓa hannu biyu, ta shanye tas!

Inna ta ce, "Yawwa, ɗiyata. Saratu, ƙaro mata!"