Hubert Ya Sha Lissafi

Ɗanmalam, ɗan kawunmu Sulaimanu, bai wuce aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ba, amma shekara ashirin ke nan yana riƙe da mabuɗin ɗakin injuna na wata makarantar injiniyoyi a Garwa. In ka ga tafiyarsa sai ka rantse shi ya ɗauki darakta aiki. Abu ɗaya ke hana shi cin tuwo: ya ga ɗalibi ya naɗe tabarmarsa ya koma gida.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, layi ya zo kan Hubert, ɗalibi ɗan wani manomin auduga na garin Pitowa. Ya faɗi jarrabawa sau ɗaya, in ya ƙara, kora ce. Kuma ba rago ba ne. Yakan zura wa littafi ido har baƙaƙen su fara rawa.

"Kai ɗana, karatu kake ko zawarcin littafin?" in ji Ɗanmalam.

"Baba, ina ganewa fa. Ranar jarrabawa sai kaina ya koma fanko."

Ɗanmalam ya sa aka sassaƙo masa sabon allo, irin wanda ya yi karatu da shi yana yaro.

"Rubuta lissafi ɗaya tak. Kife allon, ka biya da ka. Inda ka kakare, nan za ka koma. Ba a wankewa sai ya zauna. Kai ne malamin, kai ne mai bulalar."

Bayan mako biyu Hubert ya dawo dafe da ciki.

"Baba, maganin yana aiki, amma yana murɗa ni."

"Wane magani?"

"Ruwan wankin allon. Na ga maƙwabtanmu suna sha."

Ashe bawan Allah ya shanye lissafin gada biyu da na famfo guda, da tawadar kanti! Ɗanmalam ya yi dariya har hularsa ta faɗa cikin baƙin mai. Da ya share hawaye ya kife allon.

"Biya min na shekaranjiya."

Hubert ya zubo shi tas, ko tuntuɓe babu.

"To, daga ciki wannan ya fito ko daga ka? Daga yau ruwan wankin, ka zuba wa mangwaro."

Da aka kafe sakamako, sunan Hubert ne na biyun ƙarshe, amma a saman jan layi yake, goma da ɗigo cikin ashirin. Ba a kore shi ba. Ɗanmalam ya zaga Garwa a kan kekensa, rumfa rumfa, yana shaida wa mutane ɗansa ya zo na biyu.