Abin da Inna Ta Fi So

A gidanmu na unguwar Kagarawal a Gombe ba a tambayar mutum abin da ya fi so. Abin da aka zuba maka shi za ka ci, atamfar da Baba ya yanko ita za a ɗinka. Inna Bafulatana ce mai tsananin kunya, ni kuma 'yar farinta, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in ɗebo ruwa, ƙanwata za ta duba ta ce, "A ce wa waccan randa ta bushe," alhali ina zaune kusa da ita har gwiwoyinmu na gogar juna. Ban ga laifinta ba, haka aka yi mata ita ma. Amma abin yana cina a rai, ba zan ɓoye ba.

Shekarar da zan rubuta jarrabawar fita sakandare Turanci ya tsaya mini a wuya. Baba ya haɗa ni da maƙwabciyarmu, wata 'yar Tangale da ta yi ritaya daga koyarwa, Malama muke ce mata. Bayan la'asar nake zuwa barandarta, tana ɓarar gyaɗa tana koya mini. Mace ce mai murya, in ta yi dariya har gidanmu ana ji. Ɗanta na fari kuwa, ƙato da gemunsa, da sunansa take ƙwala masa kira, ya zo ta ja masa kunne ta kuma tura masa gyaɗa a baki. Ni dai sai kallo.

Wata rana muka zo kan yadda ake faɗin abin da mutum ya fi so. Ta ce in an ce prefer, kalmar aikin da ke biye ko dai ta ɗauki wutsiyar ing, ko a sa mata to a gabanta. In kuwa would rather ce, haka nan za ta fito, ba wutsiya ba hula.

"Ba ni misali."

Na karanto mata na cikin littafi, wai na fi son iyo a kan gudu.

"Iyo? A Gombe? A wace kwata kika koya?" Ta ture littafin gefe. "Naki nake so. Tuwo ko shinkafa?"

"Duk ɗaya ne, Malama."

"Kai, ku da fulakonku! Mai duba takarda bai san duk ɗaya ba. Zaɓi."

Da ƙyar na zaɓi shinkafa, ina jin kamar na yi sata. Ta ci gaba: wanki ko shara, zuwa kasuwa ko zaman gida, damina ko rani. Kafin a kira magariba bakina ya buɗe, kuma abin ya yi mini daɗi. Ashe ina da ra'ayi, ban sani ba. Na koma gida na addabi kowa da tambaya. Baba ya ce shi ya fi son barci a kan amsa mini. Inna kuwa, da na tura ƙanwata ta tambaye ta shayi ko kunu, cewa ta yi a gaya wa waccan ta rage surutu.

Bayan an gama jarrabawa Goggo, yayar Baba, ta zo daga Kaduna. Allah bai ba ta 'ya mace ba, ta ce ni take so ta riƙe, in yi karatuna a can. Ni ba na son tafiya ko kaɗan. Ga makarantu a Gombe, me zan je nema? Baba ma na ga alamar ba ya so, amma wa ya isa ya musa wa Goggo? Sai ya zame, ya ce a tambayi uwarta, in ta ce a bar ta, an bar ta.

Na ruga wajen Malama ina kuka. Ta ce, "Ke me kike so?"

Na ce, "I would rather stay."

"Daidai ne, ba gyara. Sai dai ba ke aka tambaya ba." Ta yafa gyalenta ta shiga gidanmu da kanta. Ina jin ta tana cewa, "Maman yara, ki buɗe baki fa. Kalma ɗaya ce." Inna ta yi murmushi, ta dama mata fura, ta tambaye ta ya ciwon gwiwa.

Washegari da hantsi Goggo ta zauna a tabarma a tsakar gida, Inna na tankaɗe. Ni ina laɓe a bakin ƙofar ɗaki, ina roƙon Allah a zuciyata.

"To, ke me kika ce?" in ji Goggo.

Inna ba ta ɗago ba. "Ni, Yaya? Ina ruwana da ita. 'Yarku ce. Ko yau kuka ce ku tafi."

"Ai na sani," in ji Goggo, tana murna. "Ke 'yar gidan mutunci ce, ba irin matan yanzu masu rungume 'ya'ya ba."

Inna ta ajiye rariya ta shiga madafi, alhali lokacin girki bai yi ba. Damina ce, akwai itacen da ruwa ya daka wanda ita da kanta ta ware gefe don ya sha iska. Shi ta tura a murhu. Hayaƙi ya turnuƙe har yana fitowa ta ƙofa, ita kuwa tana zaune a ciki. Da ƙanwata ta leƙa ta ce, "Inna, idonki," sai ta ce a bar ta, wutar ce ta ƙi kamawa.

Na tafi Kaduna. Goggo ta riƙe ni da amana, Allah ya saka mata. A can na yi karatu, a can na yi aure, zuwa Gombe ya zama sai da dalili. Jarrabawar ma na ci, kuma har yau ba na kuskuren wannan darasin. Amma da za a ce in mayar da Turancin duka a ba ni "a bar mini ita" daga bakin Inna, wallahi da na mayar. Ina kewar gidan nan, har hayaƙinsa nake kewa.

Yanzu ta tsufa, ƙanwata ce ke riƙe mata waya a kunne. Kwanan baya na kira. Ta tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, har da wanda haƙorinsa ya fita. Sannan ta ce, "Uwarsu fa, tana lafiya?"

Na ce, "Tana nan, Inna. Gida take so."

Can sai na ji ta ce, "To a ce mata gadonta na nan. Ban bari an fitar ba."